Kodak da Takardun Mallaka 1,100: Yadda Ilmin Shekara 30 Ya Ƙare a Gwanjo

A ranar 26 ga Disamba 1978 ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka ya ba kamfanin Eastman Kodak takardar mallaka mai lamba 4,131,919. Sunayen mutum biyu ne a kanta, Gareth Lloyd da Steven Sasson, dukansu injiniyoyin kamfanin a garin Rochester na jihar New York. Abin da takardar ta bayyana kyamara ce wadda ba ruwanta da fim: haske ya shigo ta gilashi, a mai da shi lantarki, lantarkin ya koma lambobi, a adana lambobin, duk sa'ad da aka bukata a kira su su dawo hoto. A kan wannan hanya duk wayar da ke aljihunmu yau take ɗaukar hoto. Bayan shekara 33, a ranar 19 ga Janairu 2012, kamfanin ya je gaban kotu yana neman a kare shi daga masu bin sa bashi, kuma babbar kadarar da ya sa rai za ta fitar da shi kunya ita ce tarin takardun mallakarsa na hoton dijital.

Yawancin masu ba da labarin nan a dunƙule suke ba da shi: Kodak ya ƙirƙiro kyamarar dijital, ya ɓoye ta don kada ta kashe masa cinikin fim, ta zo ta kashe shi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Abin da ya fi damuna shi ne ɓangaren takardun: me suka kawo wa kamfanin lokacin da yake da ƙarfi, kuma me ya sa darajarsu ta zube daidai ranar da ya fi bukatarsu.

Takardar mallakar ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Kai za ka tona asirin abin da ka gano, dalla-dalla, da zane da bayani, a buga kowa ya karanta. Ita kuma hukuma ta ba ka wa'adi wanda a cikinsa ba mai ikon ƙera abin, ko sayar da shi, ko shigo da shi ƙasar, sai da izininka. A zamanin da Sasson ya samu tasa, wa'adin a Amurka shekara 17 ne daga ranar da aka bayar. Daga 1995 aka mai da shi shekara 20 daga ranar da aka shigar da takardar nema. Ke nan takardar kyamarar farko ta ƙare a cikin shekarun 1990, tun kafin talaka ya iya sayen kyamarar dijital. Takardar ba ta ba mutum kasuwa, ba ta ba shi masu saye. Ikon hana wasu kawai take bayarwa, shi ma na ɗan lokaci, kuma sai mai ita yana da kuɗin lauya da haƙurin zaman kotu.

George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak ta farko a 1888. A 1900 kamfanin ya kawo Brownie a kan dala 1. Ba a kyamarar ribar take ba. Wanda ya saye ta zai riƙa sayen fim, a wanke masa da sinadaran Kodak, a buga masa a kan takardar Kodak, har iya rayuwarsa. Duk wanda ya riski zamanin da mai hoto ke zuwa biki ko suna da fim mai ɗaukar 24 ko 36, ya tafi da shi wanki, a yi kwanaki ana jira, ya san wannan ɗan kwalin mai ruwan ɗorawa, ya kuma san cewa kowane hoto da kuɗinsa, ko ya yi kyau ko ya ƙone. A 1976 kashi 90 cikin 100 na fim ɗin da ake sayarwa a Amurka na Kodak ne, haka kuma kashi 85 na kyamarori. A 1988 ma'aikatansa a duniya sun kai kimanin 145,000. A 1996 cinikinsa na shekara ya kai wajen dala biliyan 16.

Sasson ya shiga kamfanin a 1973, yana matashi ɗan shekara 23 da ya fito daga jami'a. Ubangidansa Lloyd ya ba shi wani ɗan aiki da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci: ya duba ko za a iya yin wani abu da sabuwar ƙwayar lantarki mai karɓar haske da ake kira CCD, wadda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell a 1969. Wadda ya samu ta kamfanin Fairchild ce, mai ɗigo 100 a tsaye da 100 a kwance, jimla ɗigo 10,000. Matsalarta ita ce ba ta riƙe hoto. Cikin ƙiftawar ido cajin da hasken ya bari yake gushewa. Sai Sasson ya yi dabarar karanta kowane ɗigo da sauri, ya mai da ƙarfin haskensa lamba, ya zuba lambobin a ma'ajiyar wucin gadi, daga can ya kwashe su a hankali zuwa kaset. Gilashin gaba daga wata tsohuwar kyamarar fim ta Super 8 ya cire shi. Batura 16 ke tafiyar da ita. Nauyinta kilo 3.6, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto guda, baƙi da fari, a kan kaset. Ya tsara kowane kaset ya ɗauki hoto 30, adadin da ke tsakanin 24 da 36 da mutane suka saba da su.

A Disamba 1975 aka gwada ta a kan wata ma'aikaciyar ɗakin binciken. Aka cire kaset, aka sa a na'urar karatu da suka haɗa da talabijin. Gashinta ya fito, bayanta ya fito, fuskar kuwa sai tsaki-tsaki. Ta duba ta ce da sauran aiki, ta yi tafiyarta. Sai da Sasson ya gano an juya tsarin lambobin, ya sauya wayoyi, sannan fuska ta bayyana. A shekarar da ta biyo ya yi ta nuna na'urar ga manyan kamfanin. Kamar yadda ya sha faɗa daga baya, tambayar da suka fi yi masa ita ce wa zai so kallon hotonsa a talabijin alhali ga takarda mai kyau da arha, kuma yaushe abin zai kamo fim. Ya yi lissafi ya ce shekara 15 zuwa 20. Aka yarda a nemi takardar mallaka, amma ba a bar shi ya yi maganar a bainar jama'a ba.

A nan ya kamata a yi wa waɗancan manyan adalci. Mutumin da ke cin riba mai kauri a kowane kwalin fim, aka nuna masa akwati mai fitar da hoto dishi-dishi, aka ce sai bayan shekara 20, ba wauta ba ce idan bai rufe masana'antarsa ba. Kuma Kodak bai daina bincike ba. A 1976 wani masaninsa, Bryce Bayer, ya samu takardar mallaka a kan tsarin da ke ba kyamara launi: a rufe ɗigogin da 'yan tagogi masu launi, a kowane huɗu biyu kore, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, saboda idon ɗan Adam ya fi kama kore, sannan lissafi ya cike sauran. Har gobe da wannan tsari akasarin kyamarori ke aiki. A 1986 kamfanin ya ƙera ƙwaya mai ɗigo miliyan 1.4. A 1991 ya fitar da DCS 100 don 'yan jarida, a jikin kyamarar Nikon F3. Kyamarar QuickTake da Apple ya sayar a 1994 da hannun Kodak aka yi ta. A 2005 ma shi ne na ɗaya a cinikin kyamarar dijital a Amurka.

Inda aka samu kuskure shi ne kullum ana kallon dijital a matsayin bawan fim. A 1989 Sasson da Robert Hills suka haɗa kyamara mai kama da irin ta ƙwararru ta yau, da katin ajiya, sashen talla ya ƙi ta. A 1996 aka fitar da sabon tsarin kyamara mai suna Advantix bayan an kashe fiye da dala miliyan 500, kuma har yanzu fim ne, an dai yi masa ado da lantarki. A 2001 kamfanin ya sayi shafin intanet na ajiye hotuna mai suna Ofoto, shekaru kafin a san Facebook, amma burinsa mutane su ɗora hotuna su biya a buga musu a takarda. A 2012 aka sayar da shafin ga Shutterfly a kan ƙasa da dala miliyan 24, a shekarar da Facebook ya sayi Instagram, mai ma'aikata 13, a kan dala biliyan 1. Ita kanta kyamarar dijital ba ta da ribar kirki: sau ɗaya ake sayenta, babu wanki, babu sinadari, ga kamfanonin Japan suna ta karya farashi.

Kodak ya san zafin takardar mallaka tun kafin ya fara cin moriyarta. A 1976 ya shiga cinikin kyamarar da ke fitar da hoto nan take, Polaroid ya kai shi ƙara. A 1985 kotu ta ce ya taka haƙƙin Polaroid, a 1986 aka tilasta masa barin wannan kasuwa gaba ɗaya, a 1991 ya biya dala miliyan 925. Bayan wannan duka, duk abin da injiniyoyinsa suka taɓa sai an nema masa takarda.

Da cinikin fim ya fara zubewa bayan shekarar 2000, waɗannan takardu suka zama abin dogaro. A 2004 aka cire Kodak daga jerin manyan kamfanoni 30 na Dow Jones, ma'aunin kasuwar hannun jarin Amurka. A wannan shekarar ya karɓi dala miliyan 92 daga Sun Microsystems a sulhun wata shari'a, ya kuma maka Sony a kotu. Antonio Perez, wanda ya zo daga Hewlett-Packard ya zama shugaba a 2005, ya mai da abin tsari: a bi duk mai ƙera kyamara ko waya mai kyamara, ko ya sayi lasisi ko a haɗu a kotu, kuɗin da aka samu a zuba su a sabuwar sana'ar na'urorin buga takardu. Tsakanin 2008 da 2010 kaɗai wannan hanya ta kawo kusan dala biliyan 1.9. Amma bayan 2007 kamfanin bai sake rufe shekara da riba ba har ya durƙushe. Kuɗin lasisi toshe rami suke yi, ramin kuwa yana ƙara faɗi.

A cikin takardun akwai ɗaya da ta fi kowacce kawo kuɗi, mai lamba 6,292,218, wadda aka bayar a 2001 da sunan Kenneth Parulski da Timothy Tredwell. Lauyoyi da lambobinta uku na ƙarshe suke kiranta, 218. Abin da ta ƙunsa kowa na yin sa kullum ba tare da ya lura ba. Idan ka buɗe kyamarar waya, kana ganin abin da ke gabanka yana motsi a allo tun kafin ka danna. Wannan hoton mai motsi ba shi ne ake adanawa ba. Na'urar tana aiki ne da hanya biyu: lokacin leƙe tana ɗebo ɗigogi kaɗan, ta sarrafa su da lissafi mai sauƙi don allon ya riƙa bin motsi ba tare da jinkiri ba, da ka danna sai ta sauya, ta kwashi ɗigogin duka, ta bi su da lissafi mai zurfi wanda ya fi cin lokaci, ta ajiye cikakken hoto. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da ƙwaƙwalwar na'ura ke da rauni kuma batir ba ya jimawa, raba aikin gida biyu haka dabara ce mai amfani ƙwarai.

Akwai kuma wani rukuni da ba a cika maganarsa ba, wanda a ganina ya fi nuna nisan tunanin masu binciken Rochester. Sun hango cewa ranar da ɗaukar hoto ya zama kyauta, matsalar ba za ta zama ɗauka ba, nemowa ce. Mai hoto 36 a ambulan ya san inda kowanne yake. Mai hoto 10,000 a kwamfuta, kowanne da suna irin na lamba, ta yaya zai gano na ranar auren ƙanwarsa? Sai suka yi ta tsara hanyoyin da na'ura za ta jera hotuna da kanta. Ɗaya daga ciki, wadda Alexander Loui da abokan aikinsa suka yi aiki a kai, ta dogara da lokacin da kyamara ke rubutawa a jikin kowane hoto. Mutum ba ya ɗaukar hoto a jere kamar bugun agogo; yakan ɗauki da yawa a yini ɗaya, ya yi makonni bai taɓa kyamara ba. Na'ura ta auna tazarar da ke tsakanin kowane hoto da na bayansa, ta ware manyan tazara daga ƙanana, ta ce duk inda aka samu babbar tazara to an shiga wani taron. Sannan ta sake dubawa da launi: ta yanka hotunan gida-gida, ta gwada yawan kowane launi a wannan da wancan, idan sun yi kama sosai ta haɗa su ko da lokaci ya ɗan raba su. Haka aka yi ta tara dabaru na gane fuska, da liƙa wa hoto alama, da ajiye shi a intanet, da aika shi. Wanda wayarsa ta taɓa tattaro masa hotunan wata tafiya wuri guda ba tare da ya tambaye ta ba, ya ga irin matsalar da waɗannan mutane suka zauna a kanta shekaru da dama kafin sauran duniya ta iso.

Makamin da ya fi yi wa Kodak aiki ba kotun yau da kullum ba ce, Hukumar Cinikayyar Ƙasa da Ƙasa ta Amurka ce da ke Washington. Ita ba ta yanke diyya, amma tana iya hana shigo da kaya ƙasar idan sun taka takardar mallakar wani. Tunda kusan duk wayoyi a Asiya ake haɗa su, wannan barazana ta fi tara tsoratarwa. A 2008 Kodak ya kai Samsung da LG gabanta a kan takarda ta 218. LG ya nemi sulhu ya biya sama da dala miliyan 400. A Disamba 2009 wani alƙalin hukumar ya ce takardar ingantacciya ce kuma Samsung ya taka ta, shi ma ya sasanta a kan dala miliyan 550.

Da wannan ƙarfin gwiwa, a Janairu 2010 Kodak ya shigar da Apple da RIM, masu BlackBerry. Perez ya ce yana sa ran kusan dala biliyan 1 daga wajensu. Su kuwa ba su yi gaggawar sulhu ba. Suna da kuɗi, suna kuma karanta rahoton kuɗin Kodak kamar kowa, sun san wanda lokaci ke ci. A Janairu 2011 wani alƙalin dabam a hukumar ya ce ba su yi laifi ba. Manyan hukumar suka ce a sake dubawa, alƙalin ya yi ritaya, aka miƙa wa wani, aka yi ta ɗage rana. Kowane wata da ya wuce, asusun Kodak na raguwa.

Ana cikin haka kasuwar takardun mallaka ta yi tashin gwauron zabi. A tsakiyar 2011 aka yi gwanjon takardu kusan 6,000 na Nortel, kamfanin sadarwar Kanada da ya karye. Google ya fara tayawa da dala miliyan 900, gungun da Apple da Microsoft ke ciki suka yi ta ƙari har ciniki ya faɗa a hannunsu a kan dala biliyan 4.5. A watan Agusta Google ya sanar da sayen Motorola Mobility a kan dala biliyan 12.5, galibi saboda takardunsa kusan 17,000. Kodak ya ga haka ya fitar da nasa kasuwa: takardu kimanin 1,100, wajen 700 a kan ɗaukar hoto, wajen 400 a kan sarrafa shi da adana shi da nemo shi da aika shi. Masu ƙiyasin da ya ɗauka suka ce za su kai dala biliyan 2.2 zuwa 2.6. Ba wanda ya zo da tayi mai kama da haka. A makonnin ƙarshe kafin ya durƙushe, kamfanin ya sake shigar da ƙararraki a kan Apple da HTC da Fujifilm da Samsung, don ya nuna wa masu saye cewa kayan na da kaifi. Ranar da ya shiga kotun karyewa, kadarorinsa dala biliyan 5.1 ne, bashin da ke kansa kusan biliyan 6.8. Daga 2003 zuwa lokacin ya sallami ma'aikata 47,000, ya rufe masana'antu 13. A Fabrairu 2012 ya sanar da daina ƙera kyamarar dijital.

Sai ga bugu na biyu. A Mayu 2012 sabon alƙalin, Thomas Pender, ya yanke cewa sashen takarda ta 218 da ake shari'a a kansa ba shi da inganci, domin duk ƙwararren da ya san abin da aka riga aka wallafa a fannin zai iya kaiwa ga wannan dabara; ba ta kai sabon abu ba. A Yuli hukumar ta tabbatar da hukuncin, saura makonni kaɗan a buɗe gwanjo. Takarda ɗaya, hukuma ɗaya, alƙali ya ce tana da inganci a 2009, wani ya ce ba ta da shi a 2012. A gefe guda kuma Apple ya taso da da'awar cewa wasu daga cikin takardun, har da 218, nasa ne tun aikin haɗin gwiwar da suka yi a farkon shekarun 1990. Alƙalin kotun karyewa, Allan Gropper, ya yi watsi da da'awar a kan manyan takardu biyu saboda Apple ya daɗe bai yi magana ba, amma ƙurar da ta tayar ta riga ta shiga idon masu saye.

A watan Agusta aka buɗe gwanjo. Kodak ya sa ran abin da ya faru a Nortel zai maimaita kansa, Apple da Google su yi ta ƙure juna. Gungu biyu suka zo, kowanne ƙarƙashin kamfani mai sana'ar sayen takardun mallaka: ɗaya ƙarƙashin Intellectual Ventures, da Apple da Microsoft a ciki, ɗaya ƙarƙashin RPX, da Google da masu ƙera wayoyin Android. Tayin farko bai wuce dala miliyan 150 zuwa 250 ba. Daga nan sai gungun biyu suka haɗe suka zama ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin mutumin da bashi ya koro kara da saniyarsa ya san yadda ake yi: masu saye sun san ba zai iya cewa albarka ya koma da ita gida ba, sai su haɗa baki, ɗaya ya taya, sauran su yi shiru. Haka aka yi wa Kodak, kuma har adadin da ya matsu a kansa sananne ne, domin masu ba shi rancen fita daga kotu sun sa sharaɗin sai ya sayar da takardun a kan aƙalla dala miliyan 500.

A ranar 19 ga Disamba 2012 aka sanar da ciniki a kan kusan dala miliyan 525, ɗan sama kaɗan da wancan sharaɗi. Kamfanoni 12 ne suka haɗa kuɗin: Apple, Google, Microsoft, Facebook, Amazon, Samsung, RIM, HTC, Huawei, Adobe, Fujifilm da Shutterfly. Da aka kammala a farkon Fabrairu 2013 jimlar ta tsaya a miliyan 527. Kuma ko wannan ba duka ne kuɗin takardun ba. Dala miliyan 94 kacal aka rubuta a matsayin farashinsu. Sauran kuɗin lasisi ne, wanda ya ba kamfanonin izinin amfani har da dubban takardun da suka rage a hannun Kodak, tare da janye duk ƙararrakin da ke tsakaninsu. Alƙali Gropper ya amince, yana mai cewa farashin bai yi daɗi ba amma dole shari'ar ta ci gaba.

Ban yarda cewa haɗin bakin masu saye shi kaɗai ya jawo wannan ba, ko da yake ya yi tasiri, kuma yana da wuya a kalli kamfanoni mafi arziki a duniya sun taru a kan wanda ya faɗi a ce an kyauta. Akwai abin da Kodak ya yi da hannunsa. Takardun Nortel sun yi tsada ne domin wanda ya saye su zai iya yaƙar abokan hamayyarsa da su. Na Kodak kuwa an riga an sayar da lasisinsu ga kamfanoni sama da 30, kuma galibi a dunƙule aka karɓi kuɗin, ba kaso a kan kowace waya ba, saboda ana bukatarsu a lokacin. Wanda ya sayi takardun ba zai iya sake bin waɗanda suka riga suka biya ba. Shekarun da Perez ya yi yana karɓar ɗaruruwan miliyoyi, darajar kayan yake cirewa yana kashewa. Ga kuma wa'adi: da yawa daga manyan takardun na shekarun 1990 ne, kwanakinsu sun kusa ƙarewa. Ƙiyasin biliyan 2.6 an gina shi a kan cewa mai takardun zai ci gaba da cin shari'a yana karɓar kuɗi shekara da shekaru, kamfanin da ke gaban alƙalin karyewa kuwa ba shi da waɗannan shekarun.

Fujifilm, wanda ke cikin masu sayen, irin guguwar nan ta same shi a lokaci guda. Shugabansa Shigetaka Komori ya sa aka zauna aka lissafa abin da kamfanin ya iya, ba abin da yake sayarwa ba: shimfiɗa sinadari siriri a kan leda, sarrafa ƙananan ƙwayoyi, hana abu lalacewa da iska. Da wannan ilmi suka shiga ƙera ledar da ke cikin allon talabijin da kwamfuta, da kayan asibiti, da magunguna, har da man shafawa a 2007. Su ma sun rufe masana'antu sun sallami dubban mutane. Bambancin shi ne sun mai da ilminsu kaya da hannunsu, ba su tsaya karɓar haya a kansa ba. Kodak kuwa tun 1994 ya rabu da ɓangarensa na sinadarai, Eastman Chemical, wanda har yau yake tsaye da ƙafafunsa, a 2007 kuma ya sayar da sashen hoton asibiti.

Waɗanda suka ɗauki nauyin faɗuwar ba su ne suka yanke waɗannan shawarwari ba. A ƙarshen 2012 aka yanke tallafin lafiya na tsofaffin ma'aikata da iyalansu kimanin 56,000, mutanen da suka ba kamfanin ƙuruciyarsu bisa alkawarin zai riƙe su a tsufa. Masu hannun jari na da suka tashi a tutar babu. Asusun fanshon ma'aikatan Birtaniya, wanda ke bin dala biliyan 2.8, aka biya shi da cinikin fim da na'urorin buga hoto, abin da ya zama Kodak Alaris. Rochester, inda a farkon shekarun 1980 mutum sama da 60,000 ke aiki a Kodak, ta ga an rushe gine-ginen masana'antar ɗaya bayan ɗaya. A ranar 3 ga Satumba 2013 kamfanin ya fito daga kotu, ƙarami, yana sana'ar kayan ɗab'i na 'yan kasuwa. Shi Sasson ya yi ritaya a 2009, bayan ya yi shekarunsa na ƙarshe a ɓangaren da ke kula da shari'o'in takardun mallaka, a 2010 kuma Shugaba Barack Obama ya rataya masa lambar yabo ta ƙasa a fannin fasaha da ƙirƙira.

Takardun ba su kwanta ba. Kamfanoni 12 sun samu kariyar da suke nema, amma duk wanda ba ya cikinsu yana nan a fili. A 2017 Intellectual Ventures ya sayar da babban kaso na takardun Kodak ga Dominion Harbor na jihar Texas, kamfanin da ba ya ƙera kyamara ko waya, sana'arsa karɓar kuɗin lasisi. Ta hannun reshensa Monument Peak Ventures, a 2018 aka fara kai masu ƙera kyamara irin su GoPro da DJI kotu da su.